Zakaran da Aka Kife da Kwando

Asembo, 5 ga Oktoba, 1986

Baban Owiti,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da fatan kuma zafin Mombasa bai ƙarasa soya ka ba. Mu nan sai godiya. Mama tana nan da gwiwarta, kowace safiya sai ta yi mata faɗa tukuna sannan su tashi tare. Autanka Oyier ya daina fitsarin kwance, ya ce lallai in sa wannan a farkon takarda kada ka gaji kafin ka iso wurin. Ƙaramar damina ta sauka da ƙarfi bana, wake ya fito, ɗakuna duk sun ɗauki sanyi.

Zakara ne ya sa na ɗauki biro, kuma kada ka yi dariya, don ba na miya nake nufi ba. Jan nan ne da mahaifinka, kafin ya rasu, ya damƙa wa ɗanmu Owiti, ya ce shi za a ɗauka ranar da za ka fita ka kafa gidanka. Tun da muka binne Owiti, shekara biyu ke nan, Mama ta kife shi da kwando a ƙuryar ɗakinta, ba ya fita, ba ya ganin kowa. Jiya na je ba shi dawa, na ɗaga kwandon, sai na ga zankonsa da ka sani ja wur ya yi fari-fari, kamar an barbaɗa masa garin rogo. Na ɗauka garin ne ma, na jiƙa tsumma na goge, bai fita ba. Yana ci, yana sha, amma yana ta kaɗa kai yana soshe-soshe da ƙafa.

Na aika aka kira Baffa Obura. Ya zo yana dogara sanda, ya huta sau biyu tsakanin ƙofa da ɗakin Mama. Ya duba zakaran ya daɗe, sannan ya ce, “Nyar Gem, ’yar mutanen Gem, a haka dai ba zan shige gaba a bi ni da wannan ba. Mutane za su ce yayana ne ya ƙi daga kabari.” Na ce to a sayo wani mana. Ya harare ni ya ce, “Wani? Wannan mai gida ya nuna da hannunsa. Ni a gaba, mijinki da gatari, ɗansa da wannan zakara, ke da wuta a baya. Haka aka fitar da ni, haka zan fitar da shi.”

Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce in gaya maka ƙafafunsa sun ba shi wa'adi, wannan Kirsimetin kawai suka yarda su kai shi. Ka san duk cikin ’yan'uwan mahaifinka shi kaɗai ya rage, kuma in ba shi ba babu mai fitar da kai. Ka yi alkawarin Disamba. Ka tambayo mana magani a can, tunda birni ba ya rasa masani.

Matarka,
Agutu

Mombasa, 18 ga Oktoba, 1986

Nyar Gem,

Takardarki ta same ni lafiya. Ki gaishe da Mama, ki ce ta rage yi wa gwiwa faɗa, ita ma ta yi aiki. Ki gaya wa Oyier na karanta labarinsa da ƙarfi a gaban abokan aikina, duk sun tafa masa. Ni ƙalau nake, sai dai jiragen ruwa sun yi layi a tasha, muna sauke buhunan taki tun safe har bayanmu ya manta yadda ake miƙewa.

Ranar Lahadi bayan coci na je kasuwar Kongowea wurin wani mai sayar da kaji, Charo, ɗan ƙabilar Giriama ne, kaji sun fi mutane saninsa. Na karanta masa abin da kika rubuta. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, “Agana ce, ɗan'uwa. In ruwa ya sauka sauro ke kawo ta. Kananzir da toka, a kwaɓa a shafa, kwana kaɗan ta bushe.” Na ce masa fari kika ce. Ya ce, “Mata ai duk abin da ba baƙi ba ne fari suke ce masa.” Ni dai na isar da saƙo, kada ki huce a kaina. Ya kuma ce a ƙara rufe shi sosai kada iska ta taɓa shi, ki ga Mama ta yi daidai ke nan.

Game da ɗaya maganar, na karanta abin da Baffa ya ce, na kuma fahimci abin da kike nufi. Tunda ke da shi kun ga ba za a yi da zakaran a haka ba, ni ba zan matsa ba. Abu irin wannan ba a yi masa gaggawa. A bari sai baɗi, lokacin ya warke sarai, ni ma na ƙara shiri. Baffa kuwa tun ina yaro yake cewa wannan ce shekararsa ta ƙarshe, zai binne mu duka.

Wataƙila ma in bar wa wani hutun Disamban, akwai wanda matarsa za ta haihu.

Na ba direban motar Kisumu sukari da ganyen shayi, ki duba wurin mai shagon bakin hanya.

Mijinki,
Ogola

Asembo, 1 ga Nuwamba, 1986

Baban Owiti,

Muna lafiya. Sukari ya iso, an gode. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

A wane layi na rubuta a bari sai baɗi? Na san hannuna ba shi da kyau, a aji shida na tsaya, amma na tuna abin da na rubuta. Magani na ce ka nemo. Kai kuma ka tsallake duk takardar ka ɗauko abin da kake so ka ji. Bara ka ce kwano ya yi tsada. Bana zakara ne. Baɗi me za ka ce, gatari ya yi zazzaɓi?

Shekara goma sha takwas ina cikin gidan mahaifinka, har yau in na dasa ko barkono sai na tambayi inda zan sa. Ƙanenka Okumu ya tara itacensa da ciyawar jinka, ba shi da ikon fita sai babban wa ya fita. Jiya a bakin tafki faccalata ta ce a gaban mata, “Yaya, ki roƙar mana mijinki, ko sai gara ta gama cin itacenmu ta zo ta gode masa?” Aka yi dariya, ni ma na yi, na dawo gida ban iya cin tuwo ba.

Maganin Charo kuwa, ka gaishe shi. Na yi yadda ya ce don kada a ce ban bi maganar miji ba. Zakaran ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba, washegari zankon ya kumbura ya yi ƙuna, gefensa ya saɓule. Farin yana nan daram, har ya gangaro wuya, gashin wurin ya fara zuba, fatar ta yi kauri tana ɓarewa. Da na ga haka na zauna na yi tunani da kaina, abin da ya kamata in yi tun farko. Na san agana, ta share wa mahaifiyata kaji a Gem ina budurwa. Ƙuraje take yi baƙaƙe masu tauri, ta rufe ido, kuma ba ta tsayawa kan kaza ɗaya. Kajinmu na waje kuwa ƙalau suke, har da masu kwana a jiƙe kan mangwaro. Ba saran faɗa ba ne, don rabonsa da ganin ɗan'uwansa zakara tun kafin ya yi ƙaho a ƙafa. To mene ne yake kama wanda ake tattali ya bar na bola? Wannan ne ban gano ba tukuna.

Baffa bai zo coci ba makon nan. An ce ƙafafun sun kumbura. Wannan karon ba wasa yake yi ba.

Kada ka ba kowa hutunka.

Agutu

Mombasa, 13 ga Nuwamba, 1986

Nyar Gem,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Na ga takardarki. Ban san zaman gidan mahaifiyata ya zame miki ƙaya haka ba. Matar da ta riƙe ki kamar ’yar cikinta, ta yi miki jego, ta zauna da ke a kan tabarma lokacin da muka yi rashi. In barkono ne damuwarki, zan rubuta mata ta ba ki bayan ɗaki gaba ɗaya.

Ni nake ɗaukar buhu a nan, ni na san abin da zan iya. Okumu ya yi haƙuri, ba ni na ce a haife ni kafin shi ba. Maganar hutu ban yanke ba tukuna.

Ki yi haƙuri da batun kananzir, ban so haka ba.

Ogola

Asembo, 15 ga Nuwamba, 1986

Baban Owiti,

Ina gaishe ka. Na je makaranta sau biyu duba akwatin wasiƙu, ba amsarka. Ko fushi kake yi, ko jirgin ƙasa ne ya yi fushi, ban sani ba. Mama da Oyier lafiya. Baffa yana kwance amma yana cin kifi, har yana ƙorafin gishiri.

Na gano ciwon, kuma a jikina na gano shi. Makon jiya wani zagaye ya fito mini a wuyan hannu, ja a baki-baki, fari a tsakiya, ga ƙaiƙayi. Na je ɗakin shan magani. Malamar ta kalla sau ɗaya ta ce, “Ƙora ce. Wane yaro kike yi wa aski?” Na ce kan Oyier fes yake. Ta ce, “To kyanwa ko ɗan maraƙi?” Sai na tuna daidai nan nake ɗora wuyan zakaran in zan goge masa zanko. Na gaya mata. Ta yi dariya ta ce ita ba likitar kaji ba ce, amma ƙora ba ta tambayar ko kai wane ne, duhu take so da danshi. Ta ba ni farin man shafawa, da shuɗin maganin nan da ake ɗiga wa jarirai a baki.

Da na dawo na shiga ɗakin Mama na ɗage kwandon gaba ɗaya, ba ɗan ɗagawar da muke yi mu tura dawa ba. Baban Owiti, na ji kunya. Jinka tana yoyo ta wannan ƙuryar, buhun da aka shimfiɗa masa ya jiƙe ya yi funfuna, da na taɓa shi ƙuma suka hau mini hannu. Kwandon ma ya yi masa kaɗan, ba ya iya miƙe wuya. A nan na tuna rabon da in ji carar zakaran nan tun makon jana'izar Owiti. Muna gida ɗaya da shi, ba wanda ya lura.

Na ɗauke shi zan fita, Mama ta tare ƙofa da sandarta.

Ta ce, “Ina za ki da shi?”

Na ce, “Rana, Mama.”

Ta ce, “Rana! Shaho fa? Ɓarayi fa? Idon mutane fa? Ke ’yar Gem, in ya ɓata me zan gaya wa mai gidan nan in na same shi a lahira?”

Na ce, “In ya mutu a ƙarƙashin kwando fa, me za ki gaya masa?”

Ta sauke sandar. Can ta ce, a hankali, “Hannu biyu suka taɓa zakaran nan, na mijina da na jikana. Duk sun tafi. Shi kaɗai nake ji yana motsi a ɗakin nan in na farka.”

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, zakaran a cinyata. Muka yi kukanmu, shi kuma yana tsattsagar maɓallin rigata. Da muka gama ta share fuska ta ce, “To ki ɗaure masa ƙafa da igiya doguwa. Ni zan zauna gadi. Shahon da ya isa ya zo.”

Yanzu ga yadda muke yi. Da safe in wanke zankon da wuyan da ruwan ɗumi da sabulu, in bar ɓawon ya yi laushi ya fita da kansa, ba na ɓamɓara. In ya bushe in shafa man a inda yake fari, shuɗin kuma a inda kananzir ya ƙona. Ina wanke hannu bayan nan, malamar ta ja mini kunne. Buhun da kwandon na ƙone su. Na zuba masa toka da yashi a gindin mangwaro, ranar farko ya tsaya yana kallonsu kamar baƙo, rana ta biyu ya faɗa ciki ya yi ta birgima har Mama ta yi dariya. Da shuɗin nan a kansa, faccalata ta sa masa suna Bishop, wai ya sa hular babban limamin coci, yara har rusuna masa suke yi.

Cara dai babu. Yana miƙa wuya, ya buɗe baki, ba abin da ke fita.

Akwai abin da nake so in tambaye ka, na daɗe ina juya shi. Kullum ina buɗe takardata da sunan ɗanmu, don da shi nake kiranka. Kai kuwa tun da ya rasu ban ga ka rubuta sunansa ba ko sau ɗaya. Anya kwano ne, anya zakara ne?

Matarka,
Agutu

Mombasa, 27 ga Nuwamba, 1986

Agutu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama da gadinta. Yaya hannun? Ki ci gaba da shafa man ko ya daina ƙaiƙayi. Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Wadda na rubuta ranar sha uku, in ta iso ki sa ta a murhu, ba ke nake yi wa faɗa ba.

Kin tambaye ni, zan faɗa miki, ko da yake na yaga takarda biyu kafin wannan.

Kin tuna hutun da na zo bayan Baba ya ba shi zakaran? Lokacin ɗan tsako ne da ƙyar ya fara zanko. Kowace yamma sai Owiti ya saƙale shi a hammata ya ce, “Baba, taso mu gwada.” Mu fita ta ƙofar gida, mu bi ta gonar rogo, mu haura har gindin ɓauren nan inda Baba ya nuna mini. Yana tafe yana ba ni umarni. “Kai ka riƙe gatari da kyau, kada ka sare ni. In mun isa ni zan zaɓi inda ɗakina zai zauna.” Ya zaɓa ma, ya jera duwatsu. Ban sani ba ko suna nan.

Owiti. Ga shi na rubuta.

Duk lokacin da na yi tunanin safiyar fitar nan, hanyar nake gani, da wurin da ya kamata ya kasance a cikin layi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi nauyi. Yana kwance a bayan ɗakin Mama, a gidan kakansa. In mun fita, kin san ba a komowa a zauna. Mu kwashe tukwane da gado da ƙaninsa mu haura tudu, mu bar shi. Yaron da ko fitsari ba ya fita shi kaɗai sai ya tashe ni in tsaya masa a ƙofa. Mama ta tsufa, Okumu zai fita bayana. Wata rana gidan nan zai zama gona, shi yana tsakiya.

Da na karanta cewa zakaran ba shi da lafiya, abin da na fara ji sauƙi ne. Na ji kunyar hakan, shi ya sa na ɗora a bakinki. Ke kin ɗage kwando kin duba, ni shekara biyu ina tura dawa ta ƙasa.

Ban ba kowa hutuna ba. Amma ban ce miki na shirya ba, don ban sani ba. Wa zai ɗauki zakaran? Oyier ko tulun wasa ba ya kaiwa ƙofa bai fasa ba.

Ki gaya wa Baffa ya rage gishiri.

Baban Owiti

Asembo, 7 ga Disamba, 1986

Baban Owiti,

Muna lafiya, hannuna ya warke saura tabo. Waccan takardar ta iso, na karanta ta tukuna sannan na dafa shayi da ita.

Ja ya fara dawowa zankon daga tushe. Gefen da ya ƙone ba zai dawo ba, ya zama mai rabin zanko. Gashin wuya yana tsirowa kamar ƙaya. Yanzu Mama ce ke shafa man, ta ce hannuna ya cika gaggawa. An kai wa Baffa shi har gado, ya juya shi, ya buɗa fiffike, ya shinshina, ya ce, “Mummuna ne, amma lafiyayye. Mijinki ma haka yake aka ba shi mata.” Ya ce Oyier zai rungume shi, kai ka sa hannu ɗaya a ƙasa ka tallafa, gatari a ɗaya hannun. Shi kuma ko a keke ne a tura shi.

Na haura gindin ɓauren. Duwatsun suna nan, ciyawa ta rufe su, na share.

Ɗaya tambayar taka ba ni da amsarta. Ni ma uwarsa ce, ni nake share kabarin kowace Asabar, kuma na fi ka sanin yawan takun da ke tsakaninsa da ƙofar ɗakina. Ban ce ba zai yi zafi ba. Ka zo dai, ya yi mana zafin tare.

Ka sayo gatari a can, na nan ƙotarsu ba ta da kyau.

Agutu

Gidan Ogola, Asembo, 11 ga Janairu, 1987

Baban Owiti,

Ka ga abin da na rubuta a saman takarda? Sau uku na rubuta shi a bayan kwalin sukari kafin in sa a nan, don hannuna ya saba.

Da fatan ka isa lafiya, da fatan bororon da gatari ya yi maka ya fashe. Mu nan lafiya. Bukkar ba ta yoyo, sai dai ƙofar da ka kafa tana buɗe kanta in iska ta taso, za ka gyara in ka zo. Oyier yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa shi ya ɗauko zakara shi kaɗai, kai rakiya kawai ka yi. Okumu ya fara kai itacensa fili, faccalata ta kawo mini kifi ta ce in yafe mata bakinta. Baffa bai sake tashi ba tun ranar da aka turo shi gida a keke. Na kai masa kunu, ya ce in gaya maka ya sauke kayansa, yanzu ko yaushe aka kira shi zai amsa. Na dasa barkono a inda na ga dama.

Na san da nauyin zuciya ka hau mota. Duk kwanakin da ka yi a sabon gida kana fita da asuba ka tsaya kusa da zakaran, shi kuma ya miƙa wuya ya buɗe baki ya rufe. Na ga fuskarka, na san abin da kake tsammani shirun yake nufi, wai Owiti bai yarda da barinsa da muka yi ba.

Ranar Alhamis ya yi cara. Ina hura wuta na ji wani abu kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano, har na ɗauki muciya na fito. Yana kan duwatsun Owiti, ya ɗaga rabin zankonsa sama. Ya sake yi, ta biyun ta fi ta farko. Kafin rana ta fito ya yi ta yi har na ce masa ya isa haka, ba biyan bashi ba ne.

Washegari na tashi tun da sauran duhu, na bar Oyier yana barci, na gangara ta gonar rogo zuwa tsohon gida. Akwai abin da nake so in sani kafin in rubuta maka. Na zaga bayan ɗakin Mama, sai na tarar da ita a can, zaune a kan kujerarta kusa da kabarin, ta lulluɓa da bargo. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba, ni ma ban tambaye ta ba. Ta matsa mini na zauna a gefen bargon.

Zakarun Okumu suka yi, na maƙwabta suka yi. Muka jira. Sai ga carar zakaranmu daga kan tudu, a shaƙe, a karkace, ba mai kama ta da ta wani.

Mama ta dafa ƙasar kabarin da tafin hannunta ta ce, “Ka ji naka, ko? Tashi, gari ya waye a gidanku.”

Baban Owiti, daga inda yake kwance ana ji. Ana ji sarai.

Matarka,
Agutu